Fankar Kwamfuta da Tankin Maƙwabci

Duk wanda ya hau bene a Unguwar Gano da ke Kano ya kai dubansa kan rufin gidaje, ya miƙe har Gyadi-Gyadi da Tarauni, abin da zai fi cika masa ido tankunan ruwa ne na baƙar roba. Wani yana can ƙololuwa bisa ƙafafun ƙarfe, wani a kan rufin kicin, wani a dakali kusa da bohol. Ba don ado ake shan wahalar ɗaga su ba. Yaron gidan haya ma ya san famfon da tankinsa ya fi nisa da ƙasa shi ya fi feso ruwa, shi ya sa da safe nan ake rububi, a bar mai ɗigo ga wanda ya makara. Dalilin kafa matattarar ruwan birni a kan Goron Dutse ke nan: a hau da ruwa sau ɗaya, daga nan nauyinsa ya kai shi gidaje.

Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin karatun akwatin ƙarfen nan da ke bayan kwamfutar tebur, wanda masu gyara ke ce wa fawa-fak. Aikinsa ya karɓi wutar bango mai bolt 230, ya sassauta ta, ya cika wasu tankuna da ita, kowanne da tsawonsa. Bolt shi ne tsawon tanki, amfiya kuwa yawan ruwan da ke bi ta bututu. Wayoyin da ke fitowa daga cikinsa a cunkushe, launin kowacce ke faɗa maka tankin da ta fito: rawaya bolt 12, ja bolt 5, mai ruwan lemo bolt 3.3. Baƙar waya ita ce ƙasa, kwatar da duk ruwan da ya gama aiki ke komawa. Wannan tsari sunansa ATX, kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, kuma yawancin fawa-fak ɗin da ake sayarwa a Titin Beirut a kansa suke tafiya. Yawanci na ce. Za mu zo kan sauran.

Fankar cikin kwamfuta don tanki mafi tsawo aka yi ta. Juya bayanta ka karanta 'yar takardar da aka manna: bolt 12, amfiya 0.16 ko 0.20 ko abin da ya yi kusa. Ruwa ya gangaro daga mita 12, ya juya farfela irin wadda ke cikin mitar ruwa, ya faɗa kwata. Ba ta da wani sirri da ya wuce wannan.

Abin da ke haɗa ta faɗa da mutane ƙara ce. Mai shagon buga takardu a Court Road ba ruwansa, janareta da hon ɗin a-daidaita-sahu sun riga sun cika masa kunne. Amma leƙa ɗakunan ɗaukar murya da ke Titin Gidan Zoo, inda 'yan fim da mawaƙa suka yi matattara. Ɗaki ɗan mitsitsi, an like bango da soso, an kashe fankar sama ana ta sharce gumi don kada makirufo ya ɗebi iska, sai ga shi kwamfutar da ke naɗar muryar ita ce ke gurnani a ƙarƙashin tebur. Ko ɗalibin da ke aikin dare a ɗakin da ƙannensa ke barci. Irin waɗannan su ke neman a rage wa fanka gudu, kuma suna da hujja. Masu ƙera fanka sun daɗe da sanin cewa in ka raba gudunta biyu, iskar da take turawa za ta rabu biyu, ƙararta kuwa ta faɗi da kusan desibel 15, abin da kunne ke ji kamar an zare fiye da rabi. Akwai kuma na uku da ba a cika faɗa ba: ƙarfin da take cusa iska da shi ta cikin matsatsi ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. A ajiye wannan a gefe, zai yi amfani in an zo maganar ƙura.

Dabarar da ta yi suna fiye da shekara ashirin tana da daɗin ji, domin ba a sayen komai. Akwai farin fulogin nan mai baki huɗu da ake kira Molex, wanda ake soka wa tsofaffin had-dis da na'urar faifai: rawaya, baƙa, baƙa, ja. Sai a ɗauki wayar fanka mai karɓar wuta a haɗa da rawaya kamar kullum, amma wayarta ta ƙasa, maimakon a kai ta kan baƙa, sai a kai ta kan ja. A cire 5 daga 12, saura 7. Fanka ta koma wajen kashi 60 cikin ɗari na gudunta, gurnani ya koma shashshaƙa, mai kaya ya yi murmushi ya biya.

To amma a dubi abin da aka yi da kyau. An jawo bututu daga tankin da ke mita 12, an sa farfela a tsakiya, sai dai bakin bututun bai ƙare a kwata ba. A cikin tankin maƙwabcinka ya ƙare, mai tsawon mita 5. Farfela tana jin gangarar mita 7 kawai, lissafi ya fita daidai. Ruwan kuwa bai ɓace ba. Duk ɗigon da ya juya maka farfela, yana can yana taruwa a tankin wani.

In maƙwabcin mai iyali ne, ana wanki ana girki ana alwala daga asuba zuwa lisha, ɗan abin da kake zuba masa ba zai ma kwana ba. Injinsa ma ya ɗan huta. In kuwa ya kulle gida ya yi tafiya, nan gizo ke saƙa. Tankin nan ba shi da bututun ambaliya, domin wanda ya ƙera shi bai taɓa kawowa ruwa zai shigo ta mafita ba. Fawa-fak don ya bayar ta jar waya aka yi shi, ba a tanadar masa hanyar karɓa ta nan ba. Abin da ya shigo bai samu mai sha ba sai ya ɗaga tsawon ruwan, bolt 5 ya fara hawa.

Lokacin da dabarar ta fito, maƙwabcin babban gida ne. Kwamfutocin zamanin Pentium II da III, furosesarsu ma daga layin bolt 5 take ci, ga had-dis, ga katunan da aka soka a madabod, amfiya goma ko fiye ke bi ta jar waya. Ka zuba amfiya 0.1 a cikin wannan, wa zai lura? Da Pentium 4 ta fito a 2000 aka ƙara fulogi mai baki huɗu na bolt 12 don furosesa kaɗai, daga nan nauyin gida ya yi ta ƙaura zuwa rawayar waya. Yau abin da ya rage a kan ja bai taka kara ya karya ba: ramukan USB, ma'ajiyar SSD, allon da ke cikin had-dis, da wasu ƙananan sassa na madabod. Maƙwabcin ya aurar da 'ya'ya, ya zauna shi kaɗai, amma shawarar da aka bayar lokacin da gidansa ke cike ita ake ta yaɗawa.

Ƙa'idar ATX ta yarda layin bolt 5 ya yi wasa tsakanin 4.75 da 5.25. Fawa-fak na kirki yana da mai gadi da zai kashe komai in wutar ta haura, amma mai gadin ba ya motsi sai ta wuce wajen 5.7, kuma akwai masu arha, waɗanda in ka ɗauka a hannu za ka ji kamar gwangwanin da ba komai ciki, da ba lallai a same shi a cikinsu ba. Wasu tsofaffin ƙira kuma inji ɗaya ne ke cika tankunan biyu. Da ya ga na 5 ya cika sai ya rage aiki gaba ɗaya, na 12 ya ja baya, kwamfuta ta riƙa mutuwa tana tashi ba gaira ba dalili, mai gyara ya yi ta zargin RAM.

Ba tsoratarwa nake yi ba. Ƙaramar fanka ɗaya a kwamfutar da ke aiki, mai had-dis da kayan USB, mutane da yawa sun yi shekaru a haka ba abin da ya same su. Abin yana ɓaci ne in an ga ya yi daɗi an jera fankoki huɗu ko biyar a kai, ko aka samo irin kakkaurar fankar da ake cirowa daga manyan kwamfutocin ofis, mai shan amfiya ɗaya ko fiye. Ya fi ɓaci a wani amfani da ya zama ruwan dare a garin nan: a ciro tsohon fawa-fak, a haɗa koriyar waya da baƙa don ya tashi ba tare da madabod ba, a riƙa kunna fitilu ko fankoki da shi a shago. A nan maƙwabcin ba tafiya ya yi ba, gidan ne ba kowa tun asali. Sai kuma ranar tsautsayi. Farfela ta goge bawon waya, ko ɓera ya gwada haƙorinsa, wayoyin fankar biyu suka haɗu. A haɗin da aka saba, rawaya ta taɓa baƙa ke nan, ruwa ya kwarara kwata, mai gadi ya kashe fawa-fak, a gyara waya a ci gaba. A haɗin bolt 7 kuwa, tankin sama ne kacokan ya juye cikin na maƙwabci, bolt 12 ya bi jar waya ya shiga duk abin da ke kanta. Had-dis ɗin da ke ɗauke da aikin wata shida yana cikin masu zaman gidan.

Akwai wani tarko da ya fi wannan kama yaran shago, shi ne launi. A fanka mai waya uku, ja ita ce mai karɓar bolt 12, baƙa ƙasa, rawaya kuwa 'yar aike ce kawai, ita ke gaya wa madabod saurin juyawa, bugu biyu a kowane zagaye. A fawa-fak kuwa rawaya ce bolt 12, ja bolt 5. Launi ɗaya, aiki daban. Irin maganar da za ka ji a rumfunan gyara na kusa da Farm Centre ke nan:

“Oga, ai ja da ja, rawaya da rawaya ko?”

“Kai, ajiye ayan ɗin nan tukuna. Ina mita? Sa baƙin tsinke a kan baƙa, ja a kan wadda kake zato, ka karanta min.”

“Sha biyu da ɗigo ɗaya, Oga.”

“To ka gani. Launi fenti ne. Da ka haɗa yadda ka ce, da yanzu muna neman wata fankar a ba Alhaji.”

Gaskiyar ogan ce. Ja da ja bolt 5 ne kawai ga fanka, rawaya da rawaya kuwa bolt 12 ne kai tsaye a kan 'yar aiken, ƙaramin taransistan da ke bayanta ya ƙone nan take. Fanka mai waya huɗu kuma ta zo da nata: a tsarin Intel baƙa ƙasa, rawaya bolt 12, koriya 'yar aike, shuɗiya mai ba da umarnin gudu, amma kamfanoni da yawa duk baƙaƙe suke yi don ado. Sannan kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, Dell da HP da Lenovo, waɗanda su suka cika shagunan unguwar nan, da yawansu ba sa bin ATX. Wasu tsofaffin Dell na ƙarshen shekarun 1990 fuloginsu kamar na kowa a ido, amma an sauya wa wayoyin gurbi. Na baya-bayan nan kuwa fawa-fak ɗinsu bolt 12 kaɗai yake bayarwa, madabod ce ke ƙera bolt 5 da kanta. A irin wannan, in ka yi dabarar bolt 7, ba a tanki kake zuba ruwanka ba, a ɗan kofin da ke kan madabod ne.

Ko an yi haɗin bolt 7 daidai, dole a bar 'yar aiken nan a sake, kada a soka ta a madabod. Ita daga ƙasan fanka take auna maganarta, ƙasan fankar kuwa an ɗaga shi zuwa mita 5, don haka abin da za ta faɗa madabod ba za ta gane ba, yana ma iya yi mata illa. Ma'ana, ka rage ƙara, ka kuma rufe bakin mai faɗa maka ranar da fankar ta tsaya. Wasu kwamfutocin Dell da HP ma in ba su ji motsinta ba sai su ƙi tashi har sai an danna F1, kullum.

Duk wannan maganar waya ce. Babbar maganar ta yanayi ce, kuma ita ce ba za ka samu a bakin waɗanda suka ƙirƙiro dabarar ba, domin su a ɗakuna masu digiri 20 ko 22 suke zaune. Zafi ma gangara yake bi: yana fita daga furosesa zuwa iska gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu. Furosesar da ke aiki a digiri 70 a ɗaki mai 22, ka kawo ta shago mai rufin kwano a Kano cikin Afrilu, inda iskar waje kan kai 40, ba tare da ka taɓa komai ba za ta doshi 88. Yanzu ka zare mata kashi 40 na iska. A wajen digiri 100 furosesar Intel ke fara ja da baya da kanta don kada ta ƙone, sai ka ga aikin minti biyar ya koma na ashirin. Ita tana da wannan wayon. Had-dis ba shi da shi, kuma masu ƙera shi sukan tsayar masa da iyaka a digiri 55 zuwa 60. Haka kafasitocin da ke kan madabod, zafi ke cinye musu kwana sannu a hankali har kansu ya kumbura.

Hunturu kuma mayaudari ne. Wanda ya yi wannan aiki a Disamba ko Janairu, ya gwada, zai ga komai lafiya lau, ya tafi yana yabon mai gyara. A daidai lokacin hazo na shiga ta kowace kafa yana kwanciya a tsakanin haƙarƙarin ƙarfen da ke kan furosesa. Wanda ya taɓa buɗe kwamfutar shago bayan hunturu ya san abin da nake nufi: ƙurar ta haɗu da zare da gashi ta zama tabarma mai ruwan toka, ana ɗaga ta da yatsa biyu ta taso gaba ɗaya. Fanka mai cikakken gudu tana iya cusa iska ta cikin wannan da ƙyar. Wadda aka rage wa gudu, da ƙarfin cusawarta ya koma kashi ɗaya cikin uku ko huɗu, juyawa kawai take yi a banza. Bazara na zuwa, a ce kwamfuta ta tsufa.

Ga kuma maganar tashi. Wutar da ke riƙe fanka tana juyawa ba ta kai wadda ke tayar da ita daga tsaye ba. Sabuwar fanka takan tashi a bolt 7, wasu har a 5, amma in man cikinta ya bushe, ƙura ta shiga gindin farfela, sai ka ga tana ɗan karkarwa ta tsaya, sai an tunkuɗa ta da yatsa. A garin da ake ɗauke wuta a dawo da ita sau da yawa a yini, kowace dawowa sabuwar jarrabawa ce, kuma murfi a rufe yake, ba mai gani.

To me za a yi? Kafin a taɓa waya, a fara da shara. Yawancin kwamfutocin da ake kawowa da kukan ƙara, ƙura ce ta toshe su har madabod ta ga zafi ta sake wa fanka linzami, ko kuwa gindin farfela ne ya bushe yake kuka. A fita da ita waje a sa bulowa, a dafe farfela da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. A ɗaga takardar bayan fanka, in akwai ɗan murfin roba a cire, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya. A goge busasshen man da ke tsakanin furosesa da ƙarfenta a sa sabo. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, a shiga BIOS. Fanka mai waya huɗu ba ta bukatar a rage mata bolt ko kaɗan: tankinta na nan a mita 12, madabod ce ke buɗe famfo tana rufewa sau dubu 25 a daƙiƙa ɗaya, ta tsawaita buɗewar in zafi ya ƙaru, ta gajarta in ya sauka. Madabod da yawa suna iya sarrafa mai waya uku ma. Wannan ya fi kowace dabara, don shi kaɗai ne ya san bambancin Janairu da Afrilu ba sai an gaya masa ba.

Inda babu wannan, akwai hanyoyin da duk ruwansu a kwata yake ƙarewa. Mafi sauƙi a ba fanka bolt 5 na halal: wayarta ta wuta a kan ja, ta ƙasa a kan baƙa. Babu zuba wa kowa komai, sai dai fankoki da yawa ba sa tashi a haka, waɗanda suka tashi kuma iskarsu ba ta kashe ashana. Ni ban ga amfaninta a Kano ba. Sai razista, wato matse famfo: a sa ta a kan wayar bolt 12 kafin fanka. Ga fanka mai amfiya 0.2, razista mai om 40 zuwa 50 za ta sauko da ita wajen bolt 7. Amma abin da aka matse zafi yake zama, ya haura rabin wat, don haka 'yar ƙaramar nan mai kwatan wat da ta cika kasuwa za ta yi baƙi ta ƙone; a nemi mai wat 2. 'Yan wayoyin rage ƙara da kamfanin Noctua ke sakawa a kwalin fankokinsa, razista ce kawai a cikin riga. Dayod ya fi ta sauƙin lissafi. Kowane 1N4007 yana cin wajen bolt 0.7, ko fankar babba ce ko ƙarama. A jera biyar, zoben kowanne na duban fanka, a samu wajen 8.5. Wanda ya fi burge ni shi ne ɗan allon nan mai LM2596 da masu kayan lantarki ke sayarwa: ka ba shi rawaya da baƙa, ka murɗa ɗan sukurun da ke kan shuɗin akwatinsa kana duban mita, ya gina maka naka tankin a tsawon da kake so. A saita shi kafin a haɗa fanka. A ganina, a garin nan kada a sauka ƙasa da bolt 8 ko 9. Wanda kuma ya ƙara ɗan makunni da zai tsallake dayod ɗin ya mayar da fanka kan 12, ya yi wa kansa tanadin bazara.

In akwatin yana da wuri, fanka mai faɗin milimita 120 a hankali tana tura iskar da mai 80 sai ta yi ihu kafin ta tura.

Aikin hannun ma yana da ladabi. A zare fulogi daga bango, kashewa kawai ba ta isa ba, domin waya mai launin shunayya tana ɗauke da bolt 5 muddin fulogi na jiki. A danna makunnin gaba bayan an zare don ragowar wuta ta zube. Kada a yanke wayoyin fawa-fak ɗin kansa. A sayi 'yar wayar ƙari a yi tiyatar a kanta, in ta ɓaci a jefar. A like da dalma a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, domin murɗa waya a naɗe da baƙin salatif aikin hunturu ne, zafi na zuwa gam ɗin ya narke ya zame. Duk fulogin da aka sauya wa waya kuma a yi masa alama, a toshe ɗaya bakin. Wata rana wani ne zai buɗe kwamfutar, ya ga farin Molex a sake, ya soka wa had-dis.

Fankokin jikin akwati ake yi wa duk wannan. Ta kan furosesa a bar wa madabod. Ta cikin fawa-fak kuwa, wadda sau da yawa ita ce mai ƙarar, kada mai koyo ya kwance sukurun nan huɗu. A ciki akwai manyan kafasitoci da ke riƙe bolt 325 zuwa wajen 400, kuma suna iya riƙe shi bayan an zare fulogi. Fankar nan ita kaɗai ke hana akwatin dafa kansa, kuma an riga an auna gudunta da zafin da ke ciki. In ta dame ka, a canja fawa-fak ɗin ɗungurungum. Kada garin neman gira a rasa ido. Wanda ya sayo na hannu ya duba bayansa: in akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230, ya tabbata yana kan 230 kafin ya kusanci soket.

Gwaji na gaskiya da azahar ake yinsa, a watan zafi, murfi a rufe, an ɗora wa kwamfuta aiki mai nauyi kamar haɗa bidiyo, ana duban zafinta a manhaja irin HWMonitor na tsawon awa guda. A kashe ta a kunna sau da yawa ana leƙen ko kowace fanka ta tashi da kanta. In furosesa na wuce digiri 85, ko had-dis na haura 50, a mayar da fanka kan 12.

Mai ɗakin ɗaukar murya kuwa, in ya kai nan bai samu shirun da yake so ba, ya daina kokawa da fanka ya fitar da kwamfutar daga ɗakin. A huda bango a zura wayoyi. Wayar USB ta gama-gari ba ta son wuce mita 5, amma wayar makirufo mai baki uku tana tafiya mita 20 ba ta ɗebi ƙarar komai ba, kuma kuɗinta bai kai na had-dis ɗaya ba.